Hanyar Gidan Yaya

Kwamfuta ɗaya. Kebul biyu, ɗaya nata, ɗaya na aro. Katin ajiya ƙarami kamar farcen babban yatsa, yana cikin ramin na'urar nuna hanya. Wani katin, wanda ya yi kaɗan, yana aljihu. Ruwa gora biyu. Injin gwada hawan jini a cikin kwalinsa, tsarabar Yaya. Rigar sanyi mai kauri, ita ma ta Yaya, matar da ba a taɓa jin ta yi kukan sanyi ba. Sai matarsa a kujerar gefe, jaka a cinya, ta daina magana tun shataletalen baya.

A allon gaban motar ba titi, ba gari. Wani siririn layi ne shuɗi yake rarrafe daga hagu zuwa dama, ƙarƙashinsa an rubuta da yaren mutanen da suka ƙera motar: ana sabunta taswira, kada a kashe inji.

Sun wuce gidan man nan ɗazu. Ga shi sun sake wuce shi.

"Dakta," in ji matarsa. Ba ta kiransa haka sai in da wata a ƙasa. "Mai ba da man nan ya fara ɗaga mana hannu."

"Ba mu yake ɗaga wa ba."

"Mu ne. Zagaye na gaba sai ya tambayi lafiyar gida."

Ya saci kallon layin. Ya ɗan wuce rabi.

Digirinsa a kan tsara birane ne. Shekarun da ya yi a waje ya ƙarar da su ne yana koyon yadda ake shimfiɗa titi don kada baƙo ya ɓata. Har kundi ya rubuta a kan haka, mai kauri, wanda yanzu yake tokare ƙofar ɗakin karatunsa don kada iska ta buga ta. Ya dawo garin da aka haife shi, ya kama aiki, ya kama haya, ga shi wata na uku ya kama bai taka gidan yayarsa ba. Dalilin ɗaya ne, kuma bai faɗa wa kowa ba sai matarsa: bai san hanya ba.

Yaya ce ta raine shi. Yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsu ta rasu, Yaya ta ɗauke shi ta saɓa a baya. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, ita ta zane shi ranar da ya ƙi zuwa. Yana can waje ta tashi daga tsohon gidansu ta koma wata sabuwar unguwa a bayan gari. Ranar da ya sauka ya kira ta, ta yi masa kwatance a waya.

"Ka dai san tsohon gida. To, ka fito ka miƙe har gidan da aka yi zaman makokin Kawu, ka karya dama. Ka wuce asibitin da babbar 'yata ta haihu, ba haihuwar fari ba, ta biyun. In ka zo inda motar maigidana ta ƙone, ka sauka daga kwalta. Daga nan ko makaho ya iso."

"Na gane, na gane," in ji shi.

Ba abin da ya gane. Ya san Kawu ya rasu, a waya aka gaya masa yana tsaye yana jiran jirgin ƙasa, amma bai san gidan da aka zauna ba. Jaririn a hoto ya gan shi, ba wanda ya ɗauki hoton asibitin. Motar kuwa ranar ma ya fara jin ta ƙone. Kowace kwana a kwatancen Yaya wani abu ne da ya faru ba ya nan. In ya ce "ina ne nan?" tamkar ya ce "ban zo ba" ne, kuma sau uku zai faɗa a numfashi ɗaya.

Matarsa, wadda yake ce wa Malama don aikinta ke nan, a can suka haɗu suka yi aure. Ba 'yar garin ba ce, ba ta san ko kasuwa ba, Yaya ma a waya kawai suka san juna. Tun makon farko Malama ta ce ya sake kiran Yaya ya tambaya.

"Matambayi ba ya ɓata," in ji ta.

"Wanda ya yi wannan karin maganar bai san danginmu ba."

Da gaskiyarsa ta wannan gefen. A danginsu labari ba ya kwana. Duk wanda ya tambaya, kafin ya aje waya Yaya ta ji, ta ji da ƙari. Wayar Yaya kuma irin mai maɓalli ce, ba ta aika wuri, ba ta karɓa. Ya buɗe taswirar wayarsa, sabuwar unguwar ta fito farin fili, 'yan layuka sun ratsa ta ba suna. Sai ya tuna da motarsa, wadda ya loda a jirgin ruwa ya biyo ta da addu'a, da na'urar da ke manne a gabanta. A can ba ta taɓa ɓatar da shi ba. Muryar namiji gare ta, mai ladabi, Malama ta raɗa masa suna Jagora. Matsalar kawai, Jagora ya san kowane lungu na ƙasar da suka baro, amma a nan manyan tituna biyu kaɗai ya sani, su ma kamar yadda suke kafin Dakta ya tafi. Ko'ina suka bi sai kibiyar motar ta dinga yawo a cikin farin allo kamar kiyashi a faranti.

"Taswira ce kawai ta tsufa," ya ce wa Malama. "Aikin yamma ɗaya ne."

Shafin kamfanin ya nemi lambar na'urar. Lambar tana bayan na'urar, na'urar tana cikin jikin mota. Da ya gano yadda ake kiran lambar a allo, sai shafin ya nemi lambar sirrinsa. Ya manta. Ya ce a aiko masa sabuwa, aka aika ta layin wayarsa na can, wanda ya mutu ranar da ya hau jirgi. Ya rubuta wa kamfanin, suka amsa da godiya mai yawa da tambayoyin da ya riga ya amsa. Da ya samu shiga, aka ce kafin a sabunta taswira sai an sabunta abin da ke sabunta taswirar. Ya sabunta. Kwamfuta ta ce ba ta san katin ba. Ya aro kebul a ofis, ta san shi, amma ta ce ya yi kaɗan. Ya sayo babba, ta ce ya yi yawa, sai an goge shi an tsara shi yadda na'urar ke so. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Sai saukewa. Taswirar nahiya guda ce, ba a sayar da ta gari ɗaya. Intanet ɗin gidan yakan ja ta a hankali, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, sai ta zo baki igiya ta tsinke. In ta tsinke ba ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai a koma farko. Ya gwada a gida, ya gwada a ofis, ya gwada a harabar wani otal inda ya sha shayi har ya fara jin bugun zuciyarsa a kunne. Ya koyi sunayen tsibiran da bai san da su ba, don su ne na farko a jerin, kullum su ke sauka lafiya.

Duk wannan lokacin yana kiran Yaya a gaisa. Gajiyar jirgi. Sabon aiki. Kayan ba su iso ba. Kayan sun iso ana jera su. Tana cewa to.

Ranar Laraba ita ta kira.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Har yanzu gajiyar jirgin ce?"

"Aiki ne, Yaya, kin san sabon wuri..."

"To. An ce zumunta a ƙafa take, kai kuma har mota gare ka. Asabar ɗin nan in rana ta faɗi ban gan ka ba, kada ka wahalar da kanka. Sai in ɗauka har yanzu kana can. Ai na saba."

Ta kashe. Yaya ba ta barazana. Akwai ƙanin mijinta da ta taɓa gaya wa irin wannan magana, har yau in sun haɗu takan gaishe shi da fara'a, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo a banki.

Da safiyar Asabar taswirar ta gama sauka. Ya sa katin a ramin na'urar, ya tayar da mota a tsakar gida, layin shuɗi ya fito da gargaɗinsa. In inji ya mutu kafin layin ya kai ƙarshe, tsohuwar taswira ta tafi, sabuwar ba ta zo ba. Ba a jima ba maƙwabciyarsu ta ƙasa ta leƙo ta ce hayaƙin salansa yana shiga ɗakin jaririnta. Bai iya kashewa, bai iya tsayawa. Ya ce wa Malama ta ɗauko tsaraba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi a kan hanya ma yake fafe tasa.

Shi ya sa suke zagaya gari tun hantsi, suna bin titunan da ya sani, waɗanda ba su da yawa.

"Allurar mai ta kwanta," in ji Malama.

"Na gani."

"Mu shiga mu sha mana. Ga abokinka can yana jira."

"Ba sa zuba mai sai an kashe inji."

Ta juyo ta dube shi sosai. "Wato in mun tsaya shan mai, taswira ta mutu. In ba mu sha ba, mota ta mutu, taswira ta bi ta."

"Kusan haka ne."

"Kuma wannan duk ya fi sauƙi a kan ka kira yayarka."

Ya kashe na'urar sanyaya mota don ya rage shan mai. Suka sauke gilashi. Zafi ya shigo ya zauna tsakaninsu. A fitilar hanya ya dinga riƙe ƙafarsa a kan totur kamar mai lallashin yaro, kada injin ya yi tari. Wani mai babbar mota a bayansu ya danna hon, ya leƙo ya tambaye shi ko gadon titin ya ci. Dakta ya ɗaga masa hannu da ladabi. Layin ya kai kusa da ƙarshe ya tsaya cak, ya daɗe a nan har Malama ta ɓare gorar ruwa ta biyu.

Rana ta karkata lokacin da allon ya yi baƙi. Sai alamar kamfanin ta fito, sai gari ya bayyana gaba ɗayansa, kowane titi, kowane lungu, kore da ruwan toka, kibiyarsu a zaune daram a kan kwalta. Jagora ya yi gyaran murya ya yi musu barka da zuwa.

Dakta ya karya sitiyari ya shiga gidan man, ya kashe inji.

"Kun gama zagayen, yallaɓai?" in ji mai ba da man.

"Cika ta," in ji Dakta.

Yana jira ya ja taswirar da yatsa zuwa bayan gari. Ga sabuwar unguwar nan, ba farin fili ba yanzu. Layuka a jere kamar haƙoran mataji, kowanne da sunansa, kowane gida da lambarsa.

"Kin gani?" ya ce. "Malama, dubi nan. Kin ga abin da nake gaya miki?"

"Na gani. Sannu da ƙoƙari. To, mu je."

Ya danna wurin neman hanya. Akwati biyu suka fito. Na sama yana neman sunan titi. Na ƙasa yana neman lambar gida.

Yatsansa ya tsaya a iska.

Malama ta jira shi. Ta gyara zaman jakarta. Can ta ce, cikin murya mai taushi, "Rubuta mana. Rubuta masa inda mota ta ƙone."

Bai taɓa sanin sunan titin Yaya ba. Da wuya in ita ma ta sani. Wani sashe na kansa ya san haka tun ranar farko, sai ya ba wannan sashen abin wasa, kwamfuta da kebul, don ya yi shiru. Yanzu wasa ya ƙare. Yana da taswirar nahiya guda, da tsibiranta, ba shi da abin da zai rubuta a akwati biyu.

"Mu je unguwar mu duba," ya ce.

"Mu duba me? Ka taɓa ganin gidan?"

"A hoto. Baƙar ƙofa gare shi."

Jagora ya kai su ba kuskure ko ɗaya. Ya gaya musu kwana tun kafin su zo ta, ya gaya musu hannun da za su riƙe. Dakta ya so ya yi alfahari, bakinsa bai ba shi haɗin kai ba. Suka shiga unguwar. Kamfani ɗaya ya gina ta, da alama kuma maƙeri ɗaya ya yi ƙofofin. Layi na farko duk baƙaƙe ne. Na biyu ma haka. A na huɗu ko na biyar ya gangara gefe ya tsaya ƙarƙashin wani turken lantarki. Inuwar turken ta riga ta tsallaka titi.

"Sai mu fara ƙwanƙwasawa," in ji Malama. "Kai ka ɗauki hannun dama, ni hagu. Mu ce muna neman wata mata da ta raini wani dakta."

Ya ciro waya. Ya kalle ta kamar allurar da za a yi masa. Ya kira.

"Yaya."

"Auta."

"Ban san hanya ba."

Yana jin ƙarar cokali a bakin tukunya.

"Na sani," in ji ta.

"Kin sani?"

"Tun ranar. In ka ce 'na gane' sau ɗaya, ka gane. In ka ce sau biyu, kanka fanko ne. Haka ka yi min da lissafi, haka ka yi min da ɗaurin igiyar takalmi. Sai da ka faɗi a gaban mutane ka yarda."

"To, Yaya, me ya sa ba ki..."

"Me ya sa ba ka?"

Malama ta kau da kai tana kallon waje, kafaɗunta suna rawa.

"Ina kuke yanzu?" in ji Yaya.

Ya karanta mata sunan titin daga allo. Sunan wata bishiya ce da ba ta tsirowa a ƙasar.

"Ban san shi ba. Gidan wa ke nan?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To, koma tsohon gida. Daga can na iya kwatance."

"Muna cikin unguwarku fa. Ƙila layi ɗaya ne tsakaninmu."

"Ƙila. Koma. In ka isa ka kira."

Hanyar tsohon gida bai nemi kowa ba. Hannunsa ya san ta. Gidan ya zama shagon sayar da tayil, an fasa ɗakin mahaifiyarsu an yi babbar taga, an jera samfura a jingine da bango. Matakalar ƙofa ce kawai ba a taɓa ba, wadda ta cire masa haƙori yana aji biyu. Ya dube ta, ita ma ba ta nuna ta san shi ba. Ya kira, ya miƙa wa Malama wayar ta riƙe a tsakaninsu.

"Miƙe," in ji Yaya. "Kada ka yi gudu, ina so ka gani. Amarya, kina ji na?"

"Ina ji, Yaya." Shekara da shekaru da auren, amma a bakin Yaya ba ta tashi daga amarya ba.

"In ya ce ya gane sau biyu ki mintsine shi."

Suka miƙe. Jagora, wanda har yanzu yake son kai su unguwar ta hanyarsa, ya ce a juya in da hali.

"Wa ke magana?"

"Jagora ne, Yaya. Mutumin cikin motar."

"Ki ce masa babba na magana."

Malama ta rage masa murya har ya zama kamar mai gunaguni a ƙarƙashin bargo.

"Ka ga wani gida mai rabin bene, an fara ba a gama ba? Nan aka zauna."

Ya gani. Ƙarafa sun fito ta samansa, an shanya wanki a kansu. Bakinsa ya buɗe zai ce ya gane. Ya rufe shi.

"Ai ba gidan Kawu ba ne nan," ya ce.

"Na abokinsa ne. Nasa ruwa ya ci shekarar da ta gabaci rasuwar. A ɗakin ƙasan nan ya yi jinya, gadonsa kusa da taga, yana zagin duk mai wucewa da babur."

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba. Karya dama."

Ya karya. Titin ya yi faɗi, sannan ya tsuke. Suka wuce wani babban asibiti, ya rage gudu.

"Ba shi ba," in ji Yaya, kamar tana ganinsa. "Nan ta yi ta fari, ba ta ji daɗinsu ba. Ci gaba. Ƙarami ne, fenti kore, kusa da mai gyaran firji."

"Me ya faru a na farkon?"

Ta gaya masa. Ba ta ja labarin ba, ba ta kuma rage masa ba. Ya ji abin da aka ɓoye masa a lokacin don yana shirin jarrabawa, ya ji wanda ya ba da jini, ya ji wanda ya gudu da aka ce a ba da. Har suka zo ƙaramin asibitin tana magana.

"Yaron da aka haifa a nan kunnuwanka ya ɗauko. Allah dai ya ba shi haƙuri. Bi hagu."

Inda motar ta ƙone ba komai sai wani bango mai baƙin tabo da aka shafa wa fenti bai rufu ba. In ba an gaya maka ba, ba za ka kalle shi sau biyu ba.

"Wani ya ji ciwo?" ya tambaya.

"Girman kan maigidana kawai. An gaya masa tana warin waya, ya ce ya san motarsa. Kun yi kama ta nan. Sauka daga kwalta."

Ta bayan unguwar suka shiga, ta wata hanyar ƙasa da taswirar ba ta sani ba. Kibiyar ta koma yawo a fili kamar da. Daga nan kwatancen ya yi sauri: gidan mai kare, gidan da aka yi rigimar famfo, sai kwana. Suka fito kan wani layi mai baƙaƙen ƙofofi. Wata mata tana tsaye a bakin ɗaya, ta dafa ƙugu da hannu guda, ɗayan yana riƙe da waya a kunne. Ta fi yadda ya bar ta gajarta.

Malama ta taɓa gwiwarsa ta nuna masa tsallaken titi. Turken lantarki ne. Ga shatin tayarsu a ƙasa.

Suka fito. Yaya ta sa waya a aljihu, ta wuce shi, ta kama Malama ta rungume, ta ja da baya ta ƙare mata kallo, ta sake rungume ta. Sannan ta juyo.

"Ka yi furfura," in ji ta.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya. Ka yi tumbi kuma."

"Yaya, ɗazu a can muka tsaya." Ya nuna turken.

"Na gan ku ta taga. Na ce wannan motar ba ta unguwar nan ba ce, mai ita kuma da ganin zamansa ya ɓata."

"Kin gan mu, kika ce mu koma?"

"Da na fito na ɗaga maka hannu, da ka san ƙofata. Hanyar fa?"

Ya buɗe bayan mota ya ciro tsaraba. Ta karɓi injin hawan jinin ta jinjina shi, ta ce ya zo a kan gaɓa, tunda mai tayar mata da shi ya dawo gari. Rigar sanyin ta ɗaga ta ta duba gaba da baya, ta miƙa wa Malama.

Ya ɗaga ƙafa zai shiga. Ta tare ƙofar da hannu.

"Ina wayarka?"

Malama ta miƙa mata. Ta sa ta a aljihu ɗaya da tata.

"Da bakina ka zo," in ji Yaya. "Koma tsohon gida ka zo da kanka. Rana ba ta faɗi ba, da sauranka. Amarya, shigo, ki bar shi. Abinci ba zai huce ba, in ya huce ma ya saba cin mai sanyi a can."

Suka shige. Ya tsaya a titi da mukulli a hannu, dakta guda, mai kundi a kan yadda baƙo ba zai ɓata ba. Rana ta yi ja a ƙarshen layin. In ya yi sauri zai kai. In bai ɓata ba.

Ya zauna a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, ya tayar da mota. Allon ya haska. Jagora ya lura sun daɗe a tsaye, ya fito da tambaya cikin ladabinsa: a ajiye wannan wuri?

Dannawa ɗaya ce. Daga yau har ya mutu ba zai sake neman gidan nan ba. Duk wahalar makonnin nan, yau ce rana ta farko da na'urar za ta yi masa amfani na gaske, kuma ba mai gani. Ya gwada hanyar a kansa. Rabin bene, dama. Babban asibiti, a wuce. Ƙaramin asibiti, sai... hagu ta ce ko dama? Ya tuna kunnuwan, bai tuna kwanar ba.

Ƙaramar ƙofar gidan ta buɗe, Malama ta fito da sauri, ta zo jikin mota.

"Yaya ta ce in gaya maka kada ka tsaya kallon tayil."

Ya sa farce ya danna katin, ya fito daga raminsa. Garin ya ɓace daga allon, tituna da lambobi da tsibirai. Kibiya ce kawai ta rage a cikin fari. Ya kama hannunta ya sa mata katin a tafi.

"Riƙe min."

Ta dubi katin, ta dube shi. "Dakta, bayan ƙaramin asibitin ina za ka bi?"

"Ban sani ba."

"To, in ka ɓata fa?"

Ya janyo ƙafarsa ciki, ya ja ƙofa ya rufe.

"Zan tambaya," ya ce.